Chevelle ta 1971: wane kam da wace konbata za su zauna lafiya a motar yawon gari?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in kashe kuɗi. Ina da Chevrolet Chevelle Malibu ƙirar 1971, inji 350, giya otomatik TH350 mai hawa uku. Injin lafiyarsa ƙalau, ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya sa mata kafireta mai maƙogwaro huɗu da salansa biyu, sauran kayan duk na kamfani ne. Taya 235/60R15.

Ba motar tsere ba ce. Asabar da Lahadi nake fito da ita mu zaga cikin Houston da iyali, wani lokaci mu hau I-45 mu je Galveston shan iska. Abu biyu nake so: ta ƙara ƙarfi wajen tashi daga danja, sannan in ta tsaya a sulo a ji gurnanin nan mai tsalle-tsalle irin na motocin da. Na hango kamshaf (kam, sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) na Comp Cams, XE274H, tsawon buɗewar bawul digiri 230 na shiga da 236 na fita a ma'aunin inci 0.050, ɗagin bawul inci 0.490. Wani a wurin taron motoci ya ce in haɗa shi da konbata (abin da ke haɗa inji da giya otomatik) mai sitol 3,000. Wani kuma ya ce in bar konbatar kamfani, ba abin da zai faru. Masu sani, ina gaskiya take?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Yaya. Sa XE274H ɗin, sa 3,000, ka huta. Wanda ya sayi Chevelle ai don a ji shi ya saya. Wanda ya ce ka bar ta kamfani bai taɓa zama a danja da babban kam ba, motar za ta riƙa jan birki tana neman mutuwa duk lokacin da ka sa giya.

Kawu Mai Giya:
Wa alaikumus salam. Baban Amira, kada ka yi odar komai tukuna. Ka ba mu inji, ka ba mu taya, amma abu biyu da za su yanke hukunci ba ka faɗa ba: lambar giyar aksil ta baya, da kwamfireshan injin. Na biyun zan iya faɗa maka. In tof silinda da fistin na asali ne, 8.5 gare ka, domin a 1971 ne General Motors suka sauke kwamfireshan duk injinansu don su iya shan fetur maras dalma. Aksil kuwa sai ka duba da kanka. Ɗaga tayar baya guda ɗaya, bar ɗayar a ƙasa, sa giya a firi, yi wa farfela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil) alama da alli, ka juya tayar zagaye biyu cif kana ƙirga sau nawa farfelar ta juya. Abin da ka samu shi ne lambar. In aksil ɗin mai kulle ƙafa biyu ne, sai ka ɗaga duka biyun ka juya zagaye ɗaya. Ka kuma sa geji ka auna matsin kowace silinda. Ka dawo mana da su.

Oga Na Ƙofar Ruwa:
Kawu, a yi mini uzuri in sa baki daga Kano. Mu nan muna ganin konbata kullum a Camry da Accord, amma sai ta lalace muke canza ta, a ɗauko irinta a mayar. Ban taɓa jin an zaɓe ta da lamba ba. Mene ne wannan sitol ɗin da ake ta faɗa?

Kawu Mai Giya:
Oga, tambayarka ita ce tushen maganar. Cikin konbata abu uku ne ke aiki. Akwai famfo da ke juyawa tare da inji, yana watsa man giya. Akwai tabin da man ke bugawa, shi ke haɗe da sandar giyabos. Tsakaninsu akwai sitato, yana kan kuloci mai tafiya ta gefe ɗaya. Lokacin da mota take tsaye ko take tashi, sitato na karkatar da man da ya dawo ya sake taimakon famfo, shi ya sa konbata ke ninka ƙarfin juyin inji kusan sau biyu a farkon tashi. Da tabin ya kusa kamo famfo sai sitato ya saki, ninkin ya ƙare, su tafi tare da ɗan zamewa kaɗan.

Sitol shi ne iyakar juyin da inji zai iya kaiwa in ka danne totur har ƙasa alhali tabin bai motsa ba. Wanda ya saba da manuwal zai gane da sauri: daidai yake da juyin da kake sakin kuloci a kansa. Ta kamfani a irin motar nan tana tsakanin juyi 1,400 da 1,800 a minti, domin kam ɗin kamfani ƙarami ne, digiri 195 da 202, ƙarfinsa tun daga ƙasa yake farawa. In ka sa babban kam, ƙarfin ya koma sama. Konbatar kamfani za ta kama injin a 1,500, wurin da ba shi da komai a hannu, motar ta tashi a mace. A nan maganar Ɗan Zango gaskiya ce. Motocinku ba sa bukatar wannan lissafin saboda ba wanda ya taɓa kam ɗinsu, kamfani ya riga ya haɗa su, kuma konbatarsu tana da kulocin kullewa a kan hanya. TH350 ta 1971 ba ta da shi.

Baban Amira:
Kawu, na duba. Farfela ta yi juyi biyu da kusan kashi uku cikin huɗu. Matsin silinda kuma duk suna tsakanin 140 da 150.

Kawu Mai Giya:
To, 2.73 ke nan. Yanzu mu yi lissafi. Tayarka tsayinta inci 26 ne. Ka ɗauki gudun mota a mil, ka ninka da lambar aksil, ka ninka da 336, ka raba da tsayin taya. A mil 45 injinka na juyi wajen 1,600. A mil 60, wajen 2,100. A mil 70, abin da za ka yi a hanyar Galveston, bai kai 2,500 ba. Ka ga ke nan duk rayuwar motar nan tsakanin 700 da 2,500 take. Su kansu masu kam ɗin sun rubuta cewa XE274H daga 1,800 zuwa 6,000 yake aiki, kuma ainihin daɗinsa sai ya haura 3,000. Yaushe za ka kai can da yara a kujerar baya?

Ga kuma kwamfireshan. Kam mai dogon digiri yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska har fistin ya yi nisa da fara hawa. In inji na gudu da sauri, iskar na da nauyin tafiya, tana ci gaba da cusa kanta ciki, a nan ake cin riba. In yana juyi a hankali, fistin ne ke mayar da wani ɓangaren cajin baya ta bawul ɗin da bai rufe ba. Injin da ke da kwamfireshan 10 zai jure wannan asarar. Naka mai 8.5, matsin da ka auna 145 zai ƙara sauka, a ƙasa ya fi yadda yake yanzu rauni. Sai a ce a rufe raunin da konbata mai 3,000. To ga mota mai nauyin kusan kilo 1,600, da aksil 2.73, tana tafiyar da ba ta taɓa kai sitol ɗinta. Man giya ne zai biya kuɗin, da zafi. Ni ba zan haɗa wa kowa wannan a garejina ba.

Ɗan Zango:
Kawu, da girmamawa, ku manya kullum ƙaramin kam kuke turawa mutum. Yaya ya faɗa da bakinsa yana son gurnani. In ya sa ƙarami ya tayar ya ji ta kamar motar kai yara makaranta, kuɗinsa ya tafi, ransa bai yi daɗi ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. A sa kula, wato na'urar sanyaya man giya, shi ke nan.

Maman Sadiq:
Sallama gare ku. Ina bin maganar tun farko, kuma ina tare da Kawu a kan kam ɗin, amma akwai wurin da nake so a ƙara haske kan konbata, don mutane da yawa na ɗaukar lambar da ke jikin kwali kamar abin da aka sassaƙa a ƙarfe.

Sitol ba na konbata kaɗai ba ne, na konbata da inji ne tare. Yana tashi ne gwargwadon tushen murabba'in ƙarfin juyin da inji ya ba ta. Misali, konbatar da ta tsaya a 2,200 bayan injin da ke ba da fam-ƙafa 330, in ka ɗaure ta bayan babban inji mai ba da 450, za ta kai wajen 2,570. Haka in ka juya lissafin. Injin Baban Amira mai 8.5 da babban kam zai yi rauni a ƙasa, don haka wadda aka rubuta wa 3,000 ba lallai ta kai 3,000 a motarsa ba. Shi ya sa masu ƙera ta na kirki ba sa sayar maka sai sun tambaye ka girman inji, kam, kwamfireshan, nauyin mota, aksil da taya.

Abu na biyu, a nan ne na ɗan bambanta da Kawu. Ana yawan cewa dole sitol ya kasance ƙasa da juyin tafiyar babbar hanya, in ba haka ba konbata za ta yi ta zamewa. Ba haka kai tsaye abin yake ba. Sitol ana auna shi ne da totur a ƙasa. A mil 60 kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙarfin da motar ke bukata kaɗan ne, kuma da ƙaramin ƙarfi konbata na kamawa tun ƙasa da lambarta sosai. Mai kyau da aka rubuta wa 2,400 za ta yi tafiya a 2,100 ba tare da wata matsala ba.

Kawu Mai Giya:
Hajiya, lissafinki daidai ne, ban musa ba. Amma kin ce mai kyau. Akwai hanya biyu ta ɗaga sitol. Ɗaya a ɗauki ƙaramar konbata, inci 10 ko ƙasa, a zaɓi sitato da kusurwar fukafukai da suka dace, a like fukafukan da wuta, a matse tazarar ciki. Ɗaya kuma a yanka babba ta kamfani a lanƙwasa fukafukan famfo baya, a walde a fesa fenti. Ta biyun ita ce mai araha, ita mutane suka fi saye, kuma tana zamewa a ko'ina, da ƙaramin totur da babba. An sha kawo mini giyabos man ya yi baƙi yana warin ƙuna, in na tambaya sai in ji irin wannan aka sa.

Sannan hanya ba kullum a shimfiɗe take ba. Zai hau gadar sama, zai wuce tirela a giya ta uku, ga zafin Houston a watan Agusta, ga cunkoso. Duk lokacin da ya ƙara totur a ƙasa da sitol, injin zai zabura sama, bambancin ya zama zafi. Tazarar 300 da kika kawo misali na yarda da ita. Tazarar 900, wato 3,000 a kan 2,100, ban yarda ba.

Maman Sadiq:
A kan 900 bakinmu ɗaya, Kawu. Kuma akwai hanyar da Baban Amira zai gane ko konbata na zamewa fiye da kima ba sai ya yi zato ba. Lissafi ya ce a mil 70 ya kamata ya ga 2,470. In agogon juyi ya nuna 2,600, zamewar kashi 5 cikin 100 ce, lafiya lau. In ya nuna 2,800 da ƙafa a tsaye, an haura kashi 10, wannan ta yi sako-sako. Ya yi wannan awon yanzu da ta kamfani ya rubuta ya ajiye, don ya sami abin kwatantawa daga baya.

Baban Amira:
Na gode Anti, na gode Kawu. Na fara gane inda matsalar take. Amma maganar Ɗan Zango ma tana raina. Shin ba yadda za a yi in sami gurnanin ba tare da na kashe motar a ƙasa ba?

Ɗan Zango:
Akwai mana. Kam ɗin Thumpr, shi ma na Comp Cams ne. Tazarar da ke tsakanin ƙulun kam (tudun da ke tura bawul) na shiga da na fita digiri 107 ce maimakon 110, an yi shi ne musamman don sauti. In birki ya yi tauri a sa gwangwanin ajiyar bakiyum, wato zuƙar iskar da inji ke yi.

Kawu Mai Giya:
Ɗana, tsaya mu faɗa wa mutane daga ina gurnanin ke fitowa, sai mai mota ya zaɓa da idonsa a buɗe. A ƙarshen fitar hayaƙi akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. In aka tsawaita digiri ko aka matse tazarar ƙulu, lokacin nan ya ƙaru. A sulo, hayaƙi na komowa ya gauraya da sabon caji, wata silinda ta kama wuta sosai, wata ta kama rabi. Rashin daidaiton nan shi ne sautin da kuke so. Ni ma ina son sa, na tsaya a gefen titin Woodward a nan Detroit a watan Agusta na saurare shi har dare. Amma abin da ke kawo shi, shi ne ke zubar da bakiyum.

Injin kamfani na jan bakiyum inci 18 zuwa 20 a sulo. Bustar birki da wannan take aiki. In ya sauka ƙasa da 12 da giya a ciki, feda ta fara tauri. Gwangwanin da ka ce ba ya ƙirƙirar komai, yana ajiye abin da inji ya ja ne lokacin da aka ɗaga ƙafa daga totur. A buɗaɗɗiyar hanya yana amfani. A cunkoso, ka taka birki sau biyu sau uku a jere, ya ƙare. Mutumin nan ya ce matarsa da 'ya'yansa yake ɗauka. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Ba birki kaɗai ba ma. TH350 na da modileta da ke karanta bakiyum don ta san nauyin da ke kan inji. In bakiyum ya yi ƙasa sai ta ɗauka ka taka totur ne, ta jinkirta canjin giya, ta kuma buga shi da ƙarfi. Akwai mai sukurun gyarawa, yana rage abin, amma iyakarsa kaɗan ce. In kafiretarsa Holley ce, bawul ɗin ƙarin mai na ciki ma sai an canza zuwa wanda lambarsa take kusan rabin bakiyum ɗin sulo, in ba haka ba ya buɗe ba a kan lokaci ba, filogi su yi baƙi, ido ya yi ta yaji a bayan mota.

Oga Na Ƙofar Ruwa:
Ashe ƙarfe ɗaya za a canza ya taɓa birki, ya taɓa giya, ya taɓa kafireta. Allah Ya ƙara basira, Kawu. To me zai sa?

Kawu Mai Giya:
Amin, Oga. Ga yadda nake gani. In ba zai taɓa aksil ba, ba zai taɓa tof silinda ba, XE256H: digiri 212 da 218, ɗagi 0.447 da 0.454, yana aiki daga 1,000 zuwa 5,200. Wannan zai zauna da konbatar kamfani, in an ba shi mai 2,000 kuma ya fi jin daɗi. Ƙarin digiri 17 ne a kan na asali, zai ji bambanci tun daga danjar farko. Sautin kaɗan ne, ba zan ɓoye ba.

In yana son a ji alamar kam a sulo, XE262H: 218 da 224, ɗagi 0.462 da 0.469, tazara 110. Shi ne iyakar abin da zan yarda da shi a kan 8.5. Yana da ɗan tsalle a sulo, birki na aiki. Amma shi sai da konbata mai 2,200 zuwa 2,400, kuma sai an canza aksil. Gaskiyar magana, abin da ke hana motar nan tashi yanzu ba kam ba ne, 2.73 ne. Giya ta ɗaya a TH350 2.52 ce. Ninka da 2.73, ka sami 6.9. In aka sa 3.36, ya zama 8.5. Ƙarin kashi 23 cikin 100 ke nan na ƙarfi a taya, a kowace giya, ba a ko kwance marfin bawul ba. Ba kam ɗin da zai ba ka wannan a ƙasa da juyi 3,000.

Maman Sadiq:
Sai dai a faɗa masa farashin 3.36 a kan hanya: mil 60 zai koma 2,600, mil 70 ya haura 3,000. Da salansa biyu, tafiyar Galveston za ta yi ƙara, mai kuma zai ƙaru. Da 3.08 zai ga 2,400 da 2,800, amma ribar tashi kashi 13 ce kawai, kuma aikin ɗaya ne, don a ƙaramin aksil ɗin nan mai noti 10, daga 3.08 zuwa sama sai an canza gidan da ke riƙe babban haƙori.

Hanyar da ke warware duka ita ce giyabos mai hawa huɗu. 200-4R, wadda ta fito a 1981, tsayinta kusan ɗaya da TH350, giya ta ɗaya 2.74, ta huɗu 0.67, kuma konbatarta na kullewa. Da aksil 3.73, tashi zai zama 10.2, mil 70 kuma wajen 2,260 ba zamewa ko kaɗan. Da wannan gardamar da muka yi da Kawu ma ba za ta taso ba. Akwai 700R4 ta 1982 ita ma, 3.06 da 0.70, sai dai ita sai an rage tsayin farfela. Dukansu suna da wayar da ke haɗe da totur mai sarrafa matsin mai, in ba a saita ta daidai ba giyar na iya ƙonewa cikin ɗan lokaci.

Baban Amira:
Anti, wannan ta fi ƙarfin aljihuna bana, kuma TH350 ɗin lafiyarta lau. Yawancin tafiyata cikin gari ce, mil 35 zuwa 50. Galveston jefi-jefi ne, kuma zan iya tsayawa a 65.

Ɗan Zango:
To Yaya, in kana son 274 ɗin har yanzu, ka sa tof silinda na Vortec. Kwamfireshan ya hau, Kawu ya rasa abin cewa.

Kawu Mai Giya:
Wannan shawara ce mai kyau, ɗana, ko da ƙaramin kam ne ma. Vortec da suka fito a manyan motocin Chevrolet daga 1996 ɗakin wutarsu cc 64 ne, nasa kuwa wajen 76. Zai ƙara kusan maki ɗaya, ya kai wajen 9.5, iskar da suke sha kuma ta fi. Fetur mai lamba 93 na samuwa a Texas. Amma ka ƙirga abin da ke biyo baya. Suna da nasu manifol mai noti takwas, nasu marfin bawul, nasu roka. Yadda suka fito daga kamfani kuma ba sa ɗaukar ɗagi mai yawa, kafin a kai 0.490 abin riƙe sifirin ya taɓa hatimin bawul, sai an kai su wurin masu sassaƙa ko an sa sifirin na musamman. Ko 0.469 ɗin ma sai an auna. Bayan duk wannan, 274 na nan yana neman aksil 3.55 ko sama da konbata mai 2,500 zuwa 2,800, bakiyum ɗinsa kuma na nan a ƙasa. Mota ce mai daɗi, amma wata mota ce daban da wadda ya kwatanta mana a farko.

Baban Amira:
Na tsayar da shawara. Zan fara da aksil 3.36, in hau ta haka in ji. Sannan XE262H da konbata mai wajen 2,300, zan kira masu ƙera ta in ba su duk lambobin yadda Anti ta ce. Vortec sai wata shekarar in Allah Ya hore. Ɗan Zango, kada ka ji haushi, za a ji ta ko ba da yawa ba. Kawu, me zan kiyaye ranar haɗawa?

Ɗan Zango:
Ba komai Yaya, motarka ce. Ka sauke sulo zuwa 700 da giya a ciki, za ka ji tsallen ya fito. Ka ɗora mana bidiyo ranar da ta tashi.

Kawu Mai Giya:
Allah Ya sa albarka. Kam ɗin nan mai shafaffen tafet ne (ƙarfen da ke hawa kan ƙulu ya tura bawul), mintocinsa na farko su ne rayuwarsa. Sabbin tafet, kada ka mayar da tsofaffi a kan sabon kam. Sifirin bawul wanda masu kam suka ce, domin naka sun haura shekara hamsin in na asali ne. Ka shafa man haɗi a kowane ƙulu da ƙasan kowane tafet. Baƙin man zamani an rage masa zink da fosfaras saboda na'urar tace hayaƙi, don haka ka nemi man da aka yi musamman don horar da sabon kam, bayan nan ma ka ci gaba da mai mai isasshen zink. Ka cika kafireta da fetur, ka saita taimin tun kafin ka murɗa makulli, don ta tashi bugu ɗaya. Da ta tashi ka kai ta 2,000 zuwa 2,500, kana ɗan hawa da sauka, minti 20 zuwa 30, kada ka bar ta a sulo ko kaɗan, domin feshin mai daga karanshaf ne ke jiƙa ƙulun. Ka sa ido kan zafin lagireto. In wani abu ya taso, kashe ta, gyara, ka ci gaba daga inda ka tsaya. In an gama ka zubar da man da filta.

Taimin kuma, kam ɗin zai so fiye da na littafi. Fara da digiri 12 zuwa 14 a sulo, jimla 34 zuwa 36 a wajen juyi 3,000 da tiyon bakiyum a cire. Mutane da yawa na zargin konbata da jan birki a danja alhali taimin ne ya yi baya, suka buɗe totur don su rufe.

Ita konbata, zuba mata wajen lita ɗaya na man giya kafin ka sa. Ka tura ta kan sandar giyabos kana juyawa har ta faɗa ciki mataki-mataki ta shiga haƙoran famfo. In ka ɗaure giyabos da inji, dole ta riƙa juyawa da hannu, kuma a sami tazarar inci ɗaya bisa takwas zuwa uku bisa sha shida tsakaninta da farantin inji kafin ka jawo ta gaba ka ɗaure. In ba tazara, ba ta zauna ba, kada ka ja da noti, famfon giya za ka fasa. Kula ta man giya mai faranti-faranti ka sa ta gaban lagireto, man ya bi ta lagireto tukuna sannan ya shiga ita. Ka sa geji a kwanon giya. Digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas shi ake so, in kana ganin ya wuce 105 a cunkoso, kular ta yi ƙarama.

Maman Sadiq:
Ƙari ɗaya. In kana son sanin ainihin sitol ɗin da ka samu, kada ka dogara da danne birki da totur tare, birkin baya zai saki taya kafin konbata ta kai iyakarta, kuma yana dafa mai cikin daƙiƙoƙi. Ka cire wayar da ke sauko da giya, ka bar motar tana tafiya a hankali a giya ta uku a wurin da ba mutane, ka danne totur gaba ɗaya, ka kalli inda allurar juyi ta zabura ta tsaya kafin motar ta fara ɗaukar gudu. Wannan lambar za ka gaya wa masu ƙera ta in ta sha bamban da abin da kuka yi magana. Kuma da ka canza aksil agogon gudu zai riƙa nuna fiye da abin da kake yi, sai ka canza ɗan haƙorin roba da ke wutsiyar giyabos kafin ka yi awon zamewa.

Baban Amira:
Na rubuta duka. Haƙoran aksil zan fara yin oda a makon nan. Allah Ya saka wa kowa da alheri.